Tasha na ƙasa, gari na bisa dutse

A ƙasar Italiya, in ka ga sunan gari a allon tashar jirgin ƙasa, kada ka yi saurin cewa ka iso. Sau da yawa sunaye biyu ne ake haɗawa da ɗan layi a tsakani. Na farko shi ne inda ƙafarka take, na biyu kuwa garin da kake nufi, wanda ke can bisa dutse kana hangen shi kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali tsakaninku akwai hawan da zai ci maka kusan awa guda. Camucia-Cortona da Terontola-Cortona, duk haka suke. Wasu wuraren kuma ana ƙara musu kalmar Scalo, kamar Orvieto Scalo, wato unguwar da ta tsiro a gindin dutse saboda tasha.

Ni Cortona na sani, cikin yankin Toskana, don can ƙanena yake aiki a madafar wani gidan abinci, in lokacin tsinkar zaitun ya zo kuma ya bi gonaki. Na kai masa ziyara a ƙarshen watan Oktoba. Ranar da zan iso aiki bai bar shi ya zo tarye na ba, sai ya aiko mini da kwatance ta WhatsApp, cikin murya. Ya ce: "Yaya, kada ka shiga jirgin nan mai gudu, ba ya tsayawa wurinmu. Ka nemi wanda ake ce ma regionale, mai tsayawa gari-gari. In ka ji an ce Terontola, ka zauna tukuna, ta gaba ce taka, Camucia. Da ka sauka ka nemi shagon da ke da babban harafin T, ka sayi tikitin bis, ka duba takardar lokuta da ke jikin ƙarfe. Yau Alhamis ce, kuma ana lakwal, ba za ka daɗe ba."

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. Mene ne haɗin lakwal da motar da za ta kai baƙo bisa dutse? Shekara da shekaru ina koyarwa a CEG cikin ƙasar Adar, ban taɓa jin an ce ma matafiyi ya duba ko yara suna karatu kafin ya san zai samu mota ba.

Kafin in zo nan, bari in ce wani abu kan dalilin da ya sa gari ke sama tasha ke ƙasa. Cortona ta girmi daular Roma da muke koya ma yara. Har yanzu akwai manyan duwatsun ganuwar da mutanen Etruska suka jera tun kafin haihuwar Annabi Isa. Mutane sun hau dutse saboda yaƙi, kamar yadda kakanninmu na Adar suka yi a wasu wurare. Daga dandalin garin ana hango tabkin Trasimeno, inda Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya murƙushe rundunar Roma a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai ba yaƙi kaɗai ba ne. Kwarin da ke gindin garin, Val di Chiana, ya daɗe yana fadama mai ruwa kwance da sauro, wanda ya kwana a ciki ya tashi da masassara. Kalmar malariya ma daga bakin mutanen Italiya ta fito, ma'anarta mugunyar iska, don sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo ciwon. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka janye ruwan kwarin, ya koma gonaki. Sai a 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar ta ƙare a Italiya.

Jirgin ƙasa kuwa ba ya son hawa. Da aka shimfiɗa layin da ya fito daga Fulorans ya bi ta Arezzo a 1866, ta kwari aka bi da shi, aka bar gari a sama. Daga nan komai ya fara gangarowa a hankali: kasuwa, manyan shaguna, sababbin gidaje, har asibiti. Yau mutanen da ke zaune a Camucia, wadda a da ƙauye ce a bakin hanya, sun fi na cikin ganuwar Cortona yawa. Abin da ya rage a sama shi ne tsofaffi, da ofishin magajin gari, da coci-coci, da masu yawon buɗe ido a lokacin zafi, da kuma makarantun sakandare. Wannan na ƙarshe shi ne amsar tambayata.

Takardar lokutan bis a ƙauyukan Italiya tana da kalmomi uku da ya kamata baƙo ya haddace. Feriale, ranakun aiki ke nan, daga Litinin zuwa Asabar. Mai jin faransanci ya yi hankali da ita, don ta yi kama da kalmar da muka sani ta ranar hutu, alhali akasinta take nufi. Festivo ita ce Lahadi da ranakun bukukuwa. Ta uku kuwa scolastico: bis ɗin da ba ta tashi sai ranar da ake makaranta. In ka bi layukan takardar da yatsa, za ka ga tafiye-tafiyen sun cunkushe a wuri biyu, da safe kafin ƙarfe takwas, da kuma bayan ƙarfe ɗaya na rana. Sauran yinin sai jefi-jefi. Daga wajen 10 ga Yuni da ake rufe makarantu har tsakiyar Satumba, waɗannan layukan duk sun mutu, ga shi kuwa lokacin ne baƙi suka fi yawa.

Na sauka Camucia ana gab da ƙarfe biyu. Ina tsaye a bakin tasha sai ga bis ta gangaro maƙil da samari da ƴan mata, kowa da jaka a baya. Ƙofa na buɗewa suka zubo, wasu suka ruga cikin tasha don jirginsu na gab da isowa, wasu suka bazu cikin gari. Ba a daɗe ba wata ta zo mai hawa, muka shiga mu biyar ko shida: ni, da wata tsohuwa mai jan ɗan keken cefane, da mata biyu da alamarsu ta nuna ma'aikatan gida ne daga wata ƙasa, da wani dattijo. Kowa ya cusa tikitinsa cikin ƴar na'urar da ke buga lokaci, don tikitin da ba a buga ba, in mai dubawa ya shigo, tara ce mai zafi. Haka ma tikitin takarda na jirgin regionale, sai ka buga shi a tasha kafin ka hau. Kuɗin bis ɗin bai kai Yuro uku ba, wato ƙasa da jika biyu na sefa.

Hawan bai fi minti goma sha biyar ba. Hanya tana lanƙwasa kamar maciji tsakanin itatuwan zaitun da aka dasa bisa tudu hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse mai tare ƙasa. Duk ɗan Keita ya ga wannan sai ya tuna gida, don irin wannan aikin jera duwatsu ne iyayenmu mata suka yi a Proje Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin gwamnatin Italiya. Bis ta ajiye mu a Piazza Garibaldi, bakin gari, don titunan ciki ba su ɗaukar babbar mota. Daga nan sai ƙafa. Titi ɗaya tak ne shimfiɗaɗɗe a garin, Via Nazionale. Duk sauran ko hawa ko gangara.

Bayan kwana biyar na sauko da asuba takanas don in hau tare da yaran, in ga abin da idona. Halin malami ne, ba ya barin mutum ko a ƙasar wasu. Wajen bakwai da rabi suka fara taruwa, wasu daga jirgi, wasu iyaye sun ajiye su, wasu daga wata bis da ta kwaso su daga ƙauyukan kwari. Ba wanda ya yi ciniki, ba wanda ya ciro kuɗi. Kowane yaro yana da katin wata ko na shekara. Direba bai jira mota ta cika ba, kuma bai bar kowa a ƙasa ba, lokaci na yi ya tashi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba ta zauna ita kaɗai kusa da taga tana bitar darasi, ba yayanta, ba mai rakiya. Kafin takwas suna bakin makaranta. Da rana kuma kowa zai ci abinci a gidan uwarsa, ya kwana a ɗakinsa. Na ga manyan gine-gine a Roma, amma ba wanda ya sa ni kishi kamar wannan bis ɗin.

Ƙananan yara na firamare kuwa suna da tasu motar daban, rawaya, wadda ake kira scuolabus. Hukumar magajin gari ce ke kula da ita, iyaye su biya wani kaso, mai ƙaramin ƙarfi a rage masa.

To, ranar Lahadi sai na ga ɗaya fuskar. Mun sauka Camucia gaida wasu ƴan uwa ƴan Afirka ta Yamma, hira ta yi daɗi, muka fito bayan la'asar. Takarda ta nuna bis ta gaba sai bayan awa biyu. Ba tasi ko ɗaya a bakin tasha, sai lambobin waya da aka manna a bango. Ƙanena ya kira, aka ce masa wajen Yuro goma sha biyar, kusan jika goma ke nan, don tafiyar da ba ta kai daga babbar kasuwar Tawa zuwa bayan gari ba. Ya dube ni ya ce: "Yaya, ƙafarka lafiya?" Na ce lafiya lau. Muka kama gajeriyar hanya mai miƙewa sama, kilomita uku ne ko sama da haka kaɗan, amma hawan ya kai mita 250. Sai da muka tsaya sau uku ina maida numfashi, shi kuwa yana dariya yana cewa alli ya cinye mini ƙarfi.

A hanyar nan na yi kewar gida. A tasharmu, ko ta Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Konni, ba ka sauka daga mota ka rasa mai ɗaukar ka. Kafin ka sauke jaka ƴan kabu-kabu sun kewaye ka, ga adaidaita, ga mai amalanke, in ma ba ka da ko dala wani zai ce hau in rage maka hanya. Can kuwa motoci suna ta wuce mu, kowace da mutum ɗaya a ciki, ba wanda ya rage gudu. Ba mugunta ba ce, al'ada ce ta ƙasar da motocinta suka haura 600 ga kowane mutum 1000. An ɗauka kowa yana da tasa. Waɗanda ba su da ita su ne ɗalibai, da tsofaffin da ido ya hana su tuƙi, da baƙi irin ƙanena. Cikin waɗannan ukun, ɗalibai ne kaɗai hukuma ta ɗaure kanta da kai su kullum, tun da doka ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16. Sauranmu albarkacin kaza ne muke shan ruwan kasko.

Garuruwan da ke da yawan jama'a ko yawan baƙi sun samo wasu dabaru. A Orvieto, kana fita daga tasha ka tsallaka titi sai ka shiga ɗan jirgin igiya da ke jan ka zuwa bisa dutse cikin ƴan mintoci. Tun 1888 aka yi shi, a lokacin da nauyin ruwa yake aiki: a cika tankin taragon sama, nauyinsa ya gangaro da shi ya jawo na ƙasa. An rufe shi a 1970, aka sake buɗe shi da lantarki a 1990. A Perugia, inda ɗaliban Afirka da dama suka koyi italiyanci, akwai matakalu masu tafiya da kansu da ke ratsa cikin wata tsohuwar ganuwa, tun 2008 kuma akwai ƙananan taragu marasa direba da ke bi ta kusa da tasha su hau gari. Amma waɗannan na masu hali ne. Ƙananan garuruwa dubbai ba su da komai sai bis ɗin ƴan makaranta, kuma in yara suka ƙare a gari, ita ma ta daina zuwa.

Gwamnatin Italiya ta san da wannan ciwo. Wani minista mai suna Fabrizio Barca ya jagoranci wani tsari na yankunan da suke kira na ciki, kuma abin da ya burge ni shi ne ma'aunin da suka ɗauka. A taswirar 2014 ba su auna nisa da kilomita ba. Sun tambaya ne: minti nawa mutumin wannan gari zai yi kafin ya kai inda ake da cikakkiyar makarantar sakandare, da asibiti mai karɓar gaggawa, da tashar jirgin ƙasa ta kirki? Ƙasa da minti 20, kana kusa. Daga 20 zuwa 40, tsaka-tsaki. Daga 40 zuwa 75, gefe. Sama da 75, can ƙurya. Da aka yi lissafi sai aka tarar wajen kashi 60 cikin 100 na faɗin ƙasar, da mutum kusan miliyan 13, suna cikin waɗanda suka wuce minti 20. Ƙasa ce mai jirage masu gudun kilomita 300 a awa, amma ta yarda ta rubuta a takarda cewa fiye da rabinta yana nesa da makaranta.

Ba yau suka fara wannan gardama ba. A arewa da Fulorans akwai wani wuri bisa dutse da ake ce ma Barbiana, tashar da ta fi kusa da shi ita ce ta Vicchio, daga nan sai hawan kilomita da dama. A Disamban 1954 aka tura wani limamin coci mai suna Lorenzo Milani can, wurin da ba hanyar mota, ba lantarki, ba famfo. Ya tara ƴaƴan manoma, waɗanda makarantun kwari suka kayar ko nisa ya hana, ya buɗe musu makaranta a gidansa, kullum ba hutu. Akwai wani yaro da ke ratso daji shi kaɗai fiye da awa guda, yana tsallake wani rafi. Ran nan ruwa ya kusa tafiya da shi. Sai ƴan makarantar suka sauka har ofishin magajin garin Vicchio suna neman gada, kuma aka yi musu ita, ƴar ƙarama ta siminti. A 1967, makonni kaɗan kafin rasuwar Milani, ɗalibansa suka fitar da littafin Lettera a una professoressa, wato wasiƙa zuwa ga wata malama, inda suka tuhumi makarantar gwamnati da zubar da ƴaƴan talakawa. Dokar da ta buɗe ma kowane yaro koleji iri ɗaya an yi ta tun 1962, amma doka ba ta hawa dutse da ƙafarta.

Ƴan uwa malamai da iyaye, kun san inda na dosa. Kowace shekara yara suna gama CM2 a ƙauye, a tura su CEG a wani gari. A takarda an ba su wuri. A zahiri kuwa an ba uba aikin neman mai masauki, wani dangi na nesa ko abokin ciniki da zai karɓi yaro ya haɗa da nasa. In an dace, to. In ba a dace ba, yarinya ta koma mai ɗebo ruwa da wanke-wanke a gidan mutane, yaro ya riƙa kwana a zaure da yunwa. Wanda bai samu masauki ba sai ya taka, kilomita shida ko takwas, cikin hunturu da cikin zafin Afrilu, ya iso ana cikin darasi na biyu, mu kuma mu tsayar da shi a bakin ƙofa mu rubuta ya makara. Kafin hutun Disamba kujeru sun fara zama wayam, galibi na ƴan mata, don ba uwar da hankalinta zai kwanta ɗiyarta na ratsa gonaki ita kaɗai da duhun asuba. A rahoton ƙarshen shekara sai mu rubuta sun bar karatu, kamar su suka zaɓa.

An ƙara yawan kolejojin karkara, an gina wasu gidajen kwana na ƴan mata, ban raina ko ɗaya ba. Amma ba kowane ƙauye ne zai samu koleji ba, ba kowane uba ne kuma zai yarda ɗiyarsa ta kwana a wani wuri ba. Tsakanin gina aji da gina ɗakin kwana akwai abu na uku da ba mu cika kawo shi a taro ba, shi ne abin hawa mai zuwa a kan lokaci, ya kai yaro ya maido shi.

Mu ba mu da jirgin ƙasa tukuna. An buɗe tasha a Yamai a 2014, aka kai ƙarfen dogo har Doso a 2016, bai yi jigilar jama'a ba. Layin Kano zuwa Maraɗi an aza harsashinsa a 2021. In Allah ya sa ya iso, ba na jin tsoron yadda fasinja zai tashi daga tasha ya kai Tibiri ko Madarunfa ko Dakoro. Kafin jirgin farko ya tsaya ƴan kabu-kabu sun yi layi. Babba mai kuɗi a aljihu bai taɓa rasa abin hawa a ƙasar nan ba. Wanda kasuwa ba ta ɗauka shi ne yaron da zai tafi ƙarfe bakwai kullum, wata tara a jere, ba ya da ko dala ashirin.

Abin da zan kai gaban kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu a zama mai zuwa abu biyu ne. Na farko, a cikin rajistar kowane aji, kusa da sunan yaro da sunan ƙauyensu, a ƙara layi ɗaya: minti nawa yake yi a hanya, kuma da me yake zuwa. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne abin da za mu ajiye a teburin magajin gari. Na biyu, ƙauyuka uku da ke kan hanya ɗaya ta gabas da mu su haɗu su yi yarjejeniya da mai adaidaita guda, ko mai babur mai ƙafa uku irin na ɗaukar kaya, a sa masa benci, a biya shi a wata, da sharaɗin ya tashi a lokacin da aka yanke ko da yara biyu ne suka fito. Inda rairayi ya yi yawa, amalanken shanu ma ya isa, in dai za a tashi da wuri. Na riga na yi magana da wani direba, ya ce in an tabbatar masa da kuɗin wata zai yi. Saura maganar kuɗin mai a watannin da hatsi ya ƙare a rumbu, da kuma wanda iyayen ƙauyukan uku za su yarda ya riƙe asusun.